Famfon Baba da Ruwan Bayahude

Jiya muna tsakiyar gardama a gidanmu na Barkin Sale, sai ga kiran bidiyo daga ƙanwata Hauwa da ke karatu a wata ƙasar Turai.

Gardamar kan famfon ƙofar gida ce, wanda muka yi sadaka ga marigayi Baba. Kawu Sule ya dage sai an sa masa kwaɗo a bar wa masallata kaɗai, wai masu ɗiba sun yi yawa, har da maƙwabtanmu Kiristoci. Ni kuwa na ce ban yarda ba.

Hauwa ta haska mana inda take a babban birnin ƙasar, gaban wani ginin dutse da ruwa ke fesowa ta tsakiyarsa. Ta ce an gina shi ne don tunawa da wani minista Bayahude da ya yi wa ƙasar hidima.

Kawu ya taɓe baki. "Bayahude kuma?"

Hajiyarmu ta karɓi wayar ta ƙura ido. "Hauwa, waccan mai hijabin da ke wanke wa ɗanta fuska, an tambaye ta addininta?"

"A'a, Hajiya. Kowa zuwa yake."

Hajiya ta dubi ƙanin nata. "Sule, a ce ruwan Bayahude ya fi na mijina karamci? Ba a ƙofar gidana ba."

Daga nan Kawu ya bar zancen kwaɗo. Yau da safe ma shi ya taya Maman Ladi, matar fasto, ɗora bokiti a ka.

Na tabbata da Baba na raye, haka zai so. Ku fa, da a gidanku ne, me za ku ce wa Kawu?