Ƙwan Zabo a Tukunyar Barira

Barira ta gāji fegin gishiri daga uwarta, a wata fadama kusa da Tibiri. Na san ta tun ina koyarwa a lakwal, wato makarantar ƙauyensu. Da rani takan kankare ƙasa mai gishiri, ta zuba a kwando, ta kwarara ruwa, ya riƙa ɗiga cikin tukunya. Kafin ta hura wuta sai ta auna ƙarfin ruwan da ƙwan zabo. Idan ƙwan ya taso, ruwan ya ƙoshi, a dafa. Idan ya nutse, a sake tace shi ta sabuwar ƙasa, don kada itace ya ƙone a banza. Ba a sa hannu cikin tukunyar. Matan wurin sun ce doguwa, aljanar fadamar, ba ta so.

Da ciwon yana ya rufe mata ido, sai ƙawarta Zalihatu, wadda rairayi ya binne nata fegin, ta zama mai duba mata ƙwan. Tun daga lokacin aiki ya lalace. Itace ya ƙare, gishiri kuwa bai rufe gindin tukunya ba. Rani biyu ana haka, har Barira ta yarda ƙasar ta mutu. A gaban mai gari da dattawa ta ba Abdulmajid, ɗan Zalihatu, fegin kyauta, ya ɗaure dabbobinsa.

Akwai sauran ƙasar da ta riga ta kankare, sai ta ce bari ta yi dahuwar ban kwana. Ta saka ƙwan a hankali.

"Mi kika gani, ƙawa?"

"Ya taso, Yaya. Ga shi nan bisa, awa goshin mijinki."

Barira ta yi dariya. Daga nan ta tuna fegin ba nata ba ne kuma, fushin doguwa ba zai rage ta da komai ba. Ta so ta taɓa ƙwan sau ɗaya yana yawo. Ta tsoma hannu, ba ta same shi a sama ba. Sai da ruwa ya kai mata gwiwar hannu ta tarar da shi kwance a ƙasa.

"Zalihatu, tun yaushe?"

"Ke dai kin ga ɗiyanki sun girma. Ni jikoki biyar gare ni cikin ɗaki."

"Da kin roƙe ni rabi, ai da na ba ki."



Mutane sun ce Barira ta koma wurin mai gari. Ta ƙi, ta ce da bakinta ta bayar, ba za ta tsaya gaban maza tana tona wadda suka yi wasan ƙasa tare ba. Yanzu tana zaune a gidan ɗiyarta a Dogon Dutsi. Fegin yana ba da gishiri fari tas. Kowace shekara Zalihatu takan aiko mata da ƙwarya guda a bayan babur, ita kuwa takan sa a zuba wa awaki.