Wutsiyar kaset ɗin Inna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Hajara, Allah Ya jiƙanta da rahama. A ƙauyenmu da ke gaba da Minjibir, in ka ce Hajara sai a tambaye ka wacce, amma in ka ce Inna mai Indiya, ko yaron da aka haifa bayan ranta zai nuna maka ƙofar gidan. Ban taɓa son sunan nan ba, har gobe ma ba na sonsa. Waɗanda suka laƙaba mata shi sun ɗauka tsohuwa ce da rawa da waƙa suka ɗauke wa hankali. Ni na san abin da take jira a gaban talabijin, kuma bana na ga ya kamata in faɗe shi, tun waɗanda za su iya ƙaryata ni suna raye.

Mu uku ne muka rayu a cikin 'ya'yanta: Yaya Sule, sai ni, sai autanmu Habu. Babanmu ya rasu ya bar mana gona, kuma duk wanda ya san ƙasarmu ya san gona a nan ba ta da faɗi. Kana noma a taka kana jin tarin maƙwabcinka a tasa. A shekarun nan na fari da tsada, da gero ya bushe a kara, mata suka koma kwaɗon rama safe da yamma, Habu ya ɗaura 'yar jakarsa ya tafi ci-rani kudu. Ya ce zai dawo kafin shuka. Aka yi shuka, aka yi girbi, aka sake yin wata, babu shi babu labarinsa. Yaya Sule ya ci gaba da nome kason Habu, kuma a kason nan ne ɗan yankin fadama yake, inda ko damina ta yi gardama ba a rasa abin kaiwa baka.

Da shekaru suka ja, manya suka fara zuwa wa Inna da magana a hankali. Wai a yi masa addu'a irin ta mamaci, a raba kasonsa, kowa ya san nasa. Inna takan saurare su har su gama, ta ba su ruwa, ta ce ita ba ta ga gawa ba. Amma ni da nake 'yarta na ga ta fara sanyi. Ina jin da an ƙara damina ɗaya da ta sallama.

Ana cikin haka aka yi wa Yaya Sule haihuwa. Ranar suna mata suka haɗa hannu aka ɗauko Ɗan'azumi mai bidiyo, wanda yake yawo ƙauye-ƙauye da talabijin da janareta a kan amalanke. Bayan azahar aka rufe taga da zani, ya sa mana wani tsohon fim ɗin Indiya, irin na iyali, mai kaka mafaɗaciya da yara cike da gida, kowa da bakin waƙa. Masu zuwa birni sun ce tun suna samari suka gan shi a silima, yanzu ne dai ya fito a kaset. Inna ba kallo ya zaunar da ita ba, jaririya ce a cinyarta ta yi barci.

Ga waɗanda ba su riski zamanin ba, bari in yi bayani. Masu sayar da kaset a lokacin ba sa sayen sabo. Tsofaffi suke saye kwali-kwali, su ɗora fim a kan duk abin da ke ciki. In fim ɗin bai kai tsawon kaset ɗin ba, sai ragowar abin da ke ƙasa ya leƙo daga ƙarshe. Haka aka yi ran nan. Fim ya ƙare, mata suka miƙe neman takalma, Ɗan'azumi ya fita alwala ya bar abin yana tafiya. Hoto ya yi dishi-dishi, sai ga wani biki na wasu mutane da ba mu sani ba, a wani gari da ba mu sani ba, an kafa rumfa, an jera kujeru. Can ta bayan masu manyan riguna wani mutum ya gifta da kiret ɗin lemo a kafaɗa. Ya sauke, ya sosa bayan kunnensa da hannun hagu, ya ɗan waiwayo, ya fita daga hoton.

Inna ta ce, "Habu ne." Ba ta ɗaga murya ba. Kamar dai ta ji sallamarsa a zaure.

Da Ɗan'azumi ya zo haɗa kayansa sai ya tarar kaset ɗin yana ƙarƙashin tabarma, Inna tana kan tabarmar. Ya yi magiya, ya yi fushi, ya rantse ba nasa ba ne, haya ya ɗauko. Ƙarshe dai ya tafi da ƙwaryar gyaɗa da zakara, kaset ya kwana a cikin kwallar Inna, tsakanin zannuwan aurenta. Daga ranar maganar rabon gona ta mutu. Duk wanda ya tayar da ita sai ta nuna masa kwallar.

Sai ga ta da kaset babu bidiyo. Don haka duk inda ta ji an ɗauko Ɗan'azumi, suna ne ko biki, ko da a ƙauye na uku ne, sai ta naɗe kaset ɗinta a gefen mayafi ta kama hanya. Ta zauna har a gama nasu, sannan ta roƙi a sa nata. Kuma ba ta yarda a tura shi gaba. Ta taɓa jin ƙarar da injin yake yi in ana turawa, ta ce wannan cin kaset yake yi, a bar shi ya tafi da ƙafarsa. To fim ɗin Indiya kuwa kun san tsawonsa. Haka za ta zauna, carbi a hannu, ana rawa a kan duwatsu, ana kuka, ana shiryawa, duk don mutumin da ke wucewa da kiret ɗin lemo. A haka waƙoƙin suka zauna mata a ka, har takan yi su a bakin turmi ba ta sani ba. A haka kuma aka sa mata suna. Liman ya aiko a yi mata nasiha, matan gari suka samu abin dariya. Ba ta taɓa tsayawa yi wa kowa bayani ba, don ta lura duk wanda ta nuna wa mutumin, tausayinta yake ji, ba ya duban hoton.

Ni fa? Na kalli wurin nan ba adadi. Wata rana in rantse Habu ne, don tafiyar tasa ce, sosa kunnen ma nasa ne. Wata rana in ga wuyan ya yi kauri, in ce kai, ba shi ba ne. Hoton bai taɓa fitowa sarai ba, talabijin ɗin Ɗan'azumi kuwa bai fi faifan tuwo ba.

Zargina ya fara ne daga aiken farko. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare can wajen Dawakin Tofa, ga goyo, sai Inna ta tashi Yaya Sule ya je Kano ya bi sawun kaset ɗin: wa ya sayar, daga ina kwalin ya zo, bikin wa ne. Ya tafi da hantsi ya dawo kafin la'asar. Ya ce shagon ya tashi. Na tambaye shi wane layi ne a kasuwar, ya ce ya manta. Mutumin da zai faɗa maka kunya nawa ce a gonar maƙwabcinsa, shi ne ya manta layin da ya je neman ƙaninsa. Na ajiye wannan a raina.

Shekaru suka tafi, bidiyon kaset ya fara ɓacewa, faifai ya shigo. Ɗan'azumi ya sayar da kayansa ya koma sayar da taki. Kaset ɗin Inna ya fara fumfuna, hoton yana rawa. Sai ga Yaya Sule, wanda goro ma sai an tuna masa, ya shigo mata da injin faifai da ƙaramin talabijin mai aiki da batirin mota. Ya ce akwai masu juya kaset zuwa faifai a birni, ta kawo a juya kafin ya lalace gaba ɗaya. Matarsa ta faɗa mini Inna ta yi kwanaki tana juya maganar. Ta sa ya rantse, ya rantse. Ta buɗe kwalla ta ba shi.

Ya dawo da faifai. Aka sa, fim ya fito tas, launi garau, murya tangaran, har yara suna tafi. Ya ƙare, rubutu ya hau sama, allo ya yi baƙi. Shi ke nan. Babu rumfa, babu kujeru, babu mai kiret. Da aka tambayi kaset ɗin, sai ya ce ya tsinke a cikin injin mai juyawa, ya cukurkuɗe, an zubar. Da na zo gida hutu na ɗauki faifan na duba. Yana cikin ledarsa mai hoton 'yan wasan, da tambari da komai, irin wanda ake shanyawa a tabarma ranar kasuwa. Ba wanda ya juya komai. Saye ya yi.

Inna ma ta gane, don ba ta da wauta. Ba ta tsine masa ba, ba ta kai ƙararsa wurin dagaci ba, abin da ta yi ya fi wannan ciwo. Ta ci gaba da kallon faifan, ranar Juma'a bayan an sauko, daga farko har ƙarshe. In allo ya yi baƙi sai ta gyara zama, ta zuba masa ido gwargwadon lokacin da bikin nan yake ɗauka a da. Duk jikan da ya miƙa hannu zai kashe, sai ta ce, "Ku bar shi, bai wuce ba tukuna." Yaya Sule in ya ji waƙar ƙarshe ta taso, tashi yake ya bar gidan. Har ta koma ga Mahaliccinta ba a raba gonar ba. Ba a yi arba'in da daɗewa ba aka raba, fadamar ta faɗa hannunsa.

Ba na so in zalunce shi a jarida, don shi ba ya rubutu. Shi ya ci da Inna, shi ya yi jinyarta. 'Ya'yansa sun fi ƙarfin kasonsa, wannan kowa ya sani. Duk kaka yana aiko mini da dami daga gonar nan, ina karɓa, ina kuma ci. Amma zargi ba ya tsufa a zuciyata. Bana da muka taru yi mata addu'a, bayan baƙi sun watse, na same shi a gindin ɗorawar ƙofar gida, ya tsufa, idonsa ɗaya ya yi hazo. Na ce masa mun kusa bin ta mu ma, ya faɗa mini gaskiyar kaset ɗin.

Ya daɗe yana tonon ƙasa da sanda. Sannan ya ce kaset bai tsinke ba. Ya kai shi wurin mai juyawa da gaske, aka wanke shi, aka sa a babban talabijin, ya sa aka tsayar da hoton daidai inda mutumin ya waiwayo. "Ba Habu ba ne," in ji shi. "Mutumin da tsage a kumatu. In an sa a faifai, kowane yaro zai iya tsayarwa ya nuna mata. Na ga gara ta rasa ni da ta rasa shi." Ya ce a hanyar dawowa ya jefa kaset ɗin a kududdufi.

Na ce, "To me ya hana ka kira ni in gani?"

Ya koma tonon ƙasa da sandarsa. Har na tashi yana nan yana tono.

Ga inda nake yanzu. In gaskiya ya faɗa, to yayana ya ɗauki shekaru yana haɗiye kallon da uwarsa take masa don ya bar mata ɗanta, ni kuma na ƙara masa da nawa. In kuwa ƙarya ce, to ƙarya ce mai kyan tsari, wadda ya samu fiye da shekara goma sha ɗaya yana gyarawa, shaidar kuma tana ƙasan ruwa. Wanda ya ga fuskar shi kaɗai ne, kuma shi ne mai cin fadamar. Na rasa wanne zan ɗauka, kuma na tabbata haka zan mutu.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga yau. Fim ɗin nan yanzu yana cikin kowace waya, an wanke shi, an ƙara masa haske, har an fassara shi da Hausa. Na san ba za ta yarda da shi ba. Za ta juya wayar ta duba bayanta, ta ce duk abin da ya cika tsabta haka an cire masa wani abu. Abin da zai fi ɓata mata rai kuwa shi ne, fim yana ƙarewa wayar take tsallakawa zuwa wani abin daban, ba ta barin ko ɗan baƙin allon da mutum zai zauna ya jira.

Kwallarta tana ɗakina, babu komai a ciki sai zannuwa. Gonar ta zama ta wasu, sunan Habu ma jikoki ƙalilan ne suka san shi. Abin da ya saura na Inna shi ne wannan taurin kan nata, na ƙin a binne mata ɗa da baki. Jikata ta kunna mini fim ɗin a wayarta makon jiya, wai don in tuna da Inna mai Indiya. Na kalle shi duka, ban tura gaba ba. Da rubutu ya hau sama na tsayar da shi, na ajiye wayar a cinyata har haskenta ya ɗauke. Yarinyar ta miƙo hannu za ta karɓi abarta.

Na ce ta bari, bai wuce ba tukuna.