Malafar Aro a Kan Murhun Inna

Innata ta yi shekaru tana tuƙa tuwo a wani gidan abinci da ke bakin tasha a Birnin Kudu. Mai wurin wani Alhaji ne mai faɗin fuska da dogon carbi, irin mutanen nan da in suna magana da kai idonsu na kan wanda ke bayanka. Madafar kuwa wani ɗaki ne can baya, rufin kwano, da 'yar taga ɗaya da murahun itace a jere. Bango ya yi baƙi ƙirin, kunkunniya na reto a rufi. In na tashi daga makarantar da nake koyarwa na biya gaishe ta, ba na ƙarasa gaisuwa sai hawaye sun zubo mini. Ita kuwa dariya take yi, ta ce idon 'yan boko ne ba ya jure komai.

Tari ya daɗe da kama ta. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce ta koma garinmu Kwandiko, can hanyar Gwaram, ta huta. Ta ce in ta bar murhun nan wa zai ƙara sanin tana duniya? Direbobin Gwaram da masu jinya a babban asibiti duk miyarta suke bi. Tun rasuwar mahaifina wannan aikin ne ya riƙe ta, kuma da shi take taƙama.

Wata shekara duba-gari suka ce kowane gidan abinci sai ya kafa rumfar ƙarfe a saman murhu, mai fanka da bututun da zai fitar da hayaƙi waje, kafin a ba shi takardar shaida. Mutanen tasha suka raɗa wa abin suna malafa. Abin da ni da Inna ba mu sani ba, masu gidajen abinci sun haɗa kai sun sa an ƙera guda ɗaya tak. Wanda za a je dubawa sai a kafa masa, in an gama a kwance a kai wa na gaba, daga Birnin Kudu har Gwaram. Bahaushe dai in ya so wayo ba a koya masa.

Ranar da aka kafa ta a madafar Alhaji, Inna ta aika aka kira ni. Na tarar da ita tsaye a gaban wuta, idonta tas, babu hawaye. Fanka na ruri, hayaƙi na miƙewa sama yana shigewa bututu. A ranar na fara ganin ƙarshen ɗakin nan da idona.

"Zo ka gani, Malam," in ji ta, da sunan da take tsokanata da shi. Ta ɗaga gefen zanenta na kafaɗa kusa da bakin malafar, iska ta ja shi sama, ta ƙyalƙyale da dariya kamar yarinya. "Kai, ashe haka masu numfashi suke ji!"

Ba ta tsaya nan ba. Ta wanke hannu ta fita gaban shago, ta durƙusa wa Alhaji a gaban masu cin abinci, tana ta sa masa albarka, har da iyayensa da jikokin da bai haifa ba. Shi kuwa ya gyara zama ya karɓe addu'ar kaf.

"Haba Iya, ai dominki na yi," in ji shi. "Tarin nan naki yana hana ni barci."

Har yau in na tuna wannan maganar sai na ji zuciyata ta yi zafi.

Washegari duba-gari ya zo, kuma na je don Inna ta ce in zo in ga yadda za a yaba wa madafarta. Mutum ne mai natsuwa, ya san aikinsa. Ya auna tsakanin murhu da malafa, ya leƙa bututu, ya duba wayar fanka ko tana kusa da wuta. Ya kunna guntun takarda ya riƙe, hayaƙin ya bi sama. Ya gyaɗa kai. Daidai nan tarin Inna ya taso, irin mai naɗe ta biyu har sai ta dafa bango.

Duba-gari ya juyo. "Alhaji, wannan baiwar Allah ita ke girki? Mai irin wannan tari sai an duba ta a asibiti kafin ta tsaya kan abincin jama'a."

Alhaji ko ƙifta ido bai yi ba. "Wa? Wannan? A'a, Yallaɓai, ba ma'aikaciyata ba ce. Wata tsohuwa ce ke zuwa kankare ƙanzo, muna barinta saboda Allah. Iya, fita waje mana, kin ga ana aiki."

Muciya na hannunta, tuwon da ta tuƙa na turiri a gabansu. Na buɗe baki, ta kalle ni, irin kallon da take yi mini tun ina ƙarami in za ni yi rashin kunya gaban manya. Ta jingine muciyar a hankali ta fita. Aka ba Alhaji shaidarsa, aka tafa.

A hanya ta ce mini kada in sa abin a rai, dabara ce kawai ya yi don a sallami baƙo, gobe komai zai koma daidai. Da safe ta yi sammako, ni kuma na bi ta don hankalina bai kwanta ba. Muka tarar da mai walda a kan tsani yana kwance malafa, a-kori-kura na jira a ƙofa. Shi ne ya faɗa mana, yana dariya, cewa wani mai tuwo a Gwaram ke jiran malafar. A gaban murhu kuma wata mace ce da ba mu taɓa gani ba, tana hura wuta.

Alhaji ya fito yana goge baki. Ya ce tunda ya faɗa wa hukuma ba ma'aikaciyarsa ba ce, in aka dawo aka gan ta ya zama maƙaryaci, shi kuwa mutum ne mai gudun ƙarya. Ta je gida ta yi jinya. Sannan ya ce ai ba zai bar ta haka ba, ga mota za ta Gwaram, ta hau a rage mata hanya.

"Sai dai gaba a cike yake, Iya. Ki zauna baya, ki ɗan riƙe malafar nan kada gargada ta lotsa ta. Kayan mutane ne."

Na ce wallahi ba za ta hau ba, zan sa ta a motar haya. Ta ce in rufa mata asiri, kada a ce an kore ta, gara 'yan tasha su ga kamar aike aka yi mata. Ta ɗaure ƙullin kayanta ta hau. Na tsaya ina kallo motar ta fita tasha, Inna a zaune a baya tana tari, ta rungume ƙarfen nan da hannu biyu don kada ya bugu.