Abdulhafiz Mai Awon Hawan Jini

A masallacinmu na Coal Camp, nan Enugu, babu wanda bai san Abdulhafiz ba. Baƙar fata ne haifaffen Amurka. Can ya musulunta, aikin injuna ya kawo shi nan, ya auri Zuliha 'yar unguwarmu, ya zauna yana gyaran janareta. Zuliha ta rasu ba su haihu ba, shi kuma bai koma ba. Shekararsa ashirin da biyu a cikinmu.

Kowace Juma'a in an sallame, sai ya kafa benci a bakin ƙofa da na'urar awon hawan jini. Ya ce haka ake yi a cocin mahaifiyarsa bayan ibada, don ciwon ya cinye danginsa da yawa. Ni Ya'u mai albasa a Kasuwar Artisan, ni ne kan gaba wajen yi masa tsiya, wai ya kwaso mana al'adar coci.

Gaisawa da shi ma aiki ne. Ka ce lafiya lau, sai ya riƙe ka ya ce, "Wannan ta baki ce. Bring your hand, mu ji ta jiki." Haka ya kama ni wata rana, ya auna, ya ɗora ni kan okada sai asibiti. Likita ya ce saura ƙiris ɓarin jikina ya shanye. Kuma duk wanda ya kwana biyu ba a gan shi a sahu ba, zai ga Abdulhafiz a ƙofarsa da lemo a leda.

Bara bayan Babbar Sallah, shi ma aka daina ganinsa. Na kira shi sau ɗaya ina tsaka da sauke buhuna. Na ce, "Malam, lafiya?" Da murya mai nauyi ya ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi." Na ce madalla, na kashe waya. Har liman na gaya wa ƙalau yake.

A kwana na tara da daina ganinsa, maƙwabciyarsa, wata dattijuwa 'yar Ibo, ta tsaya a ƙofar masallaci ta ce, "Una brother dey die for room, una dey here!" Wato ɗan'uwanmu na can ɗaki zai mutu, mu muna nan. Ashe ita ke ba shi koko da cokali. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na same shi kwance, ɓarin hagu ya shanye. Na kasa haɗa ido da shi. Da hannun dama ya nuna na'urar a kan tebur. Na ɗauko da sauri zan ɗaura masa, sai ya girgiza kai, ya kamo hannuna.

Da ƙyar ya ce, "Kai tukuna, Ya'u. Ya jikin?"

Na buɗe baki zan ce lafiya lau, na kasa. Sai kawai na naɗe hannun rigata.