Haƙoran Kifi a Gonar Inna

Aikina shi ne binciken yadda haƙoran kifi suke fitowa. Kifi yakan zubar da haƙori ya sake wani har ya mutu, ni kuma ina son sanin ta yaya, da kuma tun yaushe kakanninsa suka fara. A ƙauyenmu, arewa da Tawa, an yanke hukunci tuntuni cewa boko ya taɓa mini kai, kuma an yafe mini.

Inna, mahaifiyata, tana da gona a kan tudu, dutse ya fi ƙasa yawa a cikinta. Da babana ya rasu, ƙannensa biyu suka ɗauki gonakin fadama, suka bar mata wannan, har suna cewa sun tausaya mata ne. Ba ta yi musu ba. Ta jera duwatsu suna tare mata ruwan sama, tana samun geron da zai kai ta rani.

A wannan gonar na tsinci haƙoran. Ƙasarmu ta Adar ta taɓa zama ƙarƙashin teku, haƙoran kifayen wancan zamani kuma sun zama dutse, suna nan baƙaƙe cikin tsakuwa. Bayan girbi na dawo da abokan aiki cikin farar motar porje, wato ta aikin bincikenmu. Muka durƙusa muna tankaɗe ƙasa da rariya, muna zuba abin da muka samu a ƴan ledoji. A wurinmu, idan aka ga farar mota da mutane suna ƙulla tsakuwa a leda, ba a bukatar ƙarin bayani. Zinariya ce.

Babban ƙanen babana, wanda bai taɓa hawa tudun nan ba ko don neman akuya, sai ga shi da sandarsa.

"Ɗiyata, mi kuka ɗiba haka?"

"Haƙoran kihi na, Baba."

"Kihi. Bisa dutsi." Ya gyaɗa kai. "Lalle kin yi karatu."

Na zuba masa guda a tafin hannu, na yi masa bayanin teku. Ya saurare ni da ladabin da ake yi wa maƙaryacin da ya iya sana'arsa, sannan ya jefa haƙorin a aljihu.

Kafin in koma bakin aiki, ƙannen babana biyun sun tuna cewa gonar ta kakanmu ce kuma ba a taɓa raba ta ba. Ƙwaƙwalwa ta dawo musu garau, har da shaidu. Suka kai ƙara. A gaban maigari na buɗe hotuna a waya, na nuna muƙamuƙin kifi, na rantse. Rantsuwar ce ta ƙarasa mu. Wani dattijo ya ce ba mai hankalin da zai ƙona mai tun daga birni saboda haƙorin kifi. Ko a wurin aiki ma an sha gaya mini kusan haka.

Aka ba su gonar. Inna ta naɗe tabarmarta muka koma gida. Ni ce na yi ta zage-zage a hanya, raina a ɓace.

Duk ranin nan suna haƙa. Ramuka ko'ina, da su da ƴaƴansu, jakuna suna kai musu ruwa suna kasayar da abinsu a wurin. Zinariyar da suka samu ita ce kwandon haƙora, wanda aka aiko mini da shi Tawa ko zan saya. Na yi zaton za su gaji su mayar mata da abinta.

Sai damina ta sauka. Ramukan suka riƙe ruwa da taki, ɗaya daga cikin ƙannen babana ya jefa iri don kada wahala ta tafi a banza. Gero ya yi irin yin da bai taɓa yi a tudun nan ba. Daga nan aka daina maganar zinariya, aka koma godiya ga Allah da ya mayar wa masu haƙƙi haƙƙinsu.

Da kaka na zo gida. Ina zaune aka shigo da damin gero guda daga gonar tudun, aka ce zakka ce, a ba Inna. Ta yi godiya, ta sa aka jingine shi a bango. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo.

"To ke, kin dai gane yadda haƙoran ka hitowa?"

Na ce mata tukuna, da saura.