Satifiket ɗin Taubashina

Karatun nan ya wahalar da ni, ba na ɓoye wa kowa. Ni da taubashina, ɗan kawuna na Kausani, tare muka shiga ajin koyon kiyaye lafiyar ma'aikata a wurin gini. An ce mana duk mai satifiket ɗin zai iya zama shugaban aiki har a ƙasashen waje. Duk Asabar muna motar Kano. Komai da Turanci, jarrabawar kuma a kwamfuta. Ni ko firamare ban ƙarasa ba, shi kuwa ya leƙa sakandare. Malamin zai nuna hoton tsani ya ce a faɗi haɗarin da ke jikinsa, amsar tana cikina, bakin faɗa ne babu. Na faɗi jarrabawar, shi ya ci. Ya tafi ƙasar Larabawa, ni na koma kan bulo da siminti.

Na yi masa Allah ya sanya alheri da bakina. Zuciyata dai Allah ne ya san abin da ke cikinta. Tare muka fara kwaɓa, kuma shi kansa ya san layina ya fi nasa miƙewa.

Da ya zo hutun Babbar Sallah, ya yi ƙiba, fatarsa ta yi luwai. A lokacin ina shugabancin magina a wani bene da wani Alhaji mai fataucin shanu yake ginawa kusa da kara, kasuwar shanu. Alhajin ne ya kawo shi wurin da kansa, yana ta ce masa injiniya. Mutumin da na san ranar da ya fara riƙe cokalin gini.

Taubashin nawa ya ɗaga kai ya dubi katakon da muke takawa a hawa na biyu, ya kama ƙafar katakon ya girgiza.

"Bawana," ya ce da ni, "wannan gadon kwana ne ko makara? Ina abin dafawa a gefe?"

Na ce, "Ubangidanka dai. A kan irinsa ka girma, ga ka nan da ranka har da tumbi."

"A can, wanda ya ɗora mutum a kan wannan, ranar zai haɗa kayansa. Ga su kuma da silifa, kai ba hular kwano."

Leburorina suka kwashe da dariya. Da wani ne ya faɗa mini haka a gaban mutanena, da an ji mu har gadar garinmu. To amma taubashi ne. Wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi ne abin dariyar gari. Dole na buɗe haƙora ina dariya tare da su. Abin da ya fi ci mini rai, gaskiya ya faɗa. A aji ɗaya muka ji ta.

Alhaji ya juyo ya ce, "Malam, ka dai ji injiniya. Daga yau duk abin da aka kafa zan ɗauka a waya in tura masa, in ya ce a hau, a hau. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini in nemi wani."

A gida maiɗakina ta kawo tuwo, ta fara ba ni labarin atamfar da taubashin nawa ya kawo wa matarsa, na ce ta bar ni in ci abinci.

Washegari ina idar da sallar asuba na tafi wurin. Na sa aka kwance katakon gaba ɗaya, muka sake kafa shi, na buga abin dafawa da hannuna, na kori masu silifa su je su sako takalmi. Da Alhaji ya zo ya zaro waya, na hau can sama na tsaya a tsakiya.

Na ce, "Alhaji, ɗauka da ni a ciki. Ka ce masa ubangidansa ne ya kafa."