Kajin da Muka Yanka Kafin Su Mutu

Shekarar da fari ya sa hatsi ya yi tsada, maigidana ya ɗauko kiwon kajin gidan gona. Muna zaune a Kurmin Sarki, lokacin garin ma Abuja ake ce masa, ba a kai ga Suleja ba. Ni tun farko fararen kajin nan ba su kwanta mini a rai ba. Ba su iya tono ba, ba su san shaho ba, sai dai a kawo musu abinci a buhu kamar manyan baƙi. Wani mutumin Kudu ne yake haɗa abincin a bakin kasuwa, ya niƙa masara da ƙuli-ƙuli da busasshen kifi.

Wani buhu da aka kawo, na ga garin ya yi ja-ja. Na yi magana, maigidan ya ce sabon haɗi ne mai sa ƙwai. Na koma aikina, tunda kajin ba nawa ba ne.

Ba a jima ba suka fara tangaɗi. Kaza za ta taso shan ruwa, sai ƙafafunta su harɗe, ta kife a gefe tana fiffika. Mu kuwa a wurinmu babu mai tsayawa yana kallon dabba ta zama mushe. Duk wadda ta fara layi, sai maigidan ya ɗauko wuƙa ya yi bismilla. Muka yi ta cin nama kamar da Sallah. Hanta, saboda laushinta, ta 'yarmu ce. Uban yakan ɗora ta a cinya, ya murtsuke hantar da yatsa yana sa mata a baki. Ita kaɗai gare mu, sai da na binne yayyenta kafin ta zo ta zauna. A lokacin ta fara koyon tafiya ke nan.

Wata rana da hantsi malamin dabbobi ya yi sallama. Gida-gida yake bi, duk inda aka sayi abincin nan. Maigidan ya shigo da shi har bakin akurki, na ja mayafi na tsaya a ƙofar madafa. Ya ɗebi garin ya shinshina, ya kaɗe hannunsa.

Ya ce, "Malam, mun rufe wurin niƙan. Masarar da aka sa a ciki ta shuka ce, an cuɗa ta da magani mai dafi. Shi ya sa ake rina ta ja, don kada a ci. Ina waɗanda suka mutu? Rami za mu haƙa mu binne su."

Tukunya na tafasa a bayana, gashin kaji ya cika tsakar gida. Idon malamin ya kai kan yarinyar, tana zaune a tabarma tana tsotsar ƙashi.

"Kun ba ta?"

"Hanta kawai," in ji uban, don a ganinsa sauƙi ya faɗa.

Malamin ya cire hula ya share goshi. Ya ce a hanta dafin yake taruwa. Na zauna a kan turmi.

Ya juyo wajena. "Uwargida, ku kai ta asibiti yau ɗin nan. Bayan haka ki sa mata ido. In kin ga tana tangaɗi, ko tana faɗuwa ba dalili, kada ki jira."

Na ce, "Malam, yarinyar da yanzu ta fara tafiya? Faɗuwa ai ita ce aikinta. Yaya zan gane?"

Ya dubi yarinyar. Ya ce, "Allah ya tsare," ya fita kiran masu haƙa rami.

Suka tafi da buhun, suka binne sauran kajin a bayan gida, har miyar da ke kan wuta aka juye a ramin. A asibiti aka duba idonta da harshenta, aka maimaita mini maganar malamin. Kyanwar gidan, wadda take cinye kayan ciki, ta fara jan ƙafar baya a makon. Na ga lokacin da ta nufi randa ta kauce ta bugi bango. Washegari ta mutu, aka jefar da ita.

Daga nan tsoro ya tare a gidan. Na goya yarinyar na ƙi sauke ta, don kada in ga abin da nake gudu. Sai kuma in tuna in ban sauke ta ba, ba zan sani ba. In ajiye ta a tsakar gida, in koma gefe in miƙa hannu. Ta tako, ta yi layi, ta faɗi zaune tana dariya, ni kuma in ruga in ɗauke ta. Uban ba ya iya kallo. Da ya ji na kwance zanen goyo sai ya fice zaure.

Babu ranar da wani ya zo ya ce mini ta tsira. Tafiyarta dai ta yi ta miƙewa a hankali, har ta fara gudu, har aka sa ta makaranta.

Yanzu ita ma tana da jikoki. Kwanan baya ta zo gaishe ni, ta yi tuntuɓe a dokin ƙofa, ta dafa bango tana dariya tana zagin takalminta. Na ce ta koma waje ta sake shigowa.

"Inna, lafiya?"

Na ce, "Ke dai koma ki tako in gani."